Yadda Hukuma Ta Shaida Ba Na Ciyar da Inna

Ni direba ne a wani kamfanin sayar da tayil a Abuja, amma kwanana a Suleja yake, a Hashimi, kamar sauran irina da Abuja ke so da rana ta koro su da yamma. Karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare. A gida an fi son a ce na haƙura ne don ƙannena su yi, ni ma na fi son a ce hakan, amma gaskiyar magana kaina ne bai ja ba. Duk ƙarshen wata kafin albashi ya iso hannuna an riga an gutsure haraji, kuma tun da na fara aiki ba wanda ya taɓa kirana ofis ya tambaye ni ko ina da uwa.

Ina da ita kuwa. Bayan rasuwar mahaifinmu ƙafafunta suka fara ba ta wahala, na je ƙauyenmu can wajen Zariya na ɗauko ta. Ɗakuna biyu nake haya a gidan da muke mu da yawa, da Hausawa da mutanen Binuwai da wani tela Bayarabe. Na ba Inna ɗaki guda, ni da matata da yara muka cushe a ɗayan. Tuwonta, maganin hawan jininta, man zafin da ake shafa mata a gwiwa, sabulu, goro, duk daga wannan albashin da aka gutsure suke fitowa.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Goggona ce ta raine ni tun daga yaye. In Inna za ta ambace ni sai ta ce "wancan". In tana son abu a wajena ba ta kallona, matata take gaya wa ina zaune, in matata ba ta nan ta gaya wa bango. Matan yanzu a nan Suleja suna goya ɗan fari su yi ta kiransa da sunayen gayu a gaban surukai, amma Inna tsohon hannu ce. A wajenta uwar da ta yabi ɗan farinta a gaban mutane ba ta da kunya, kuma ni ban taɓa ganin abin a matsayin ƙiyayya ba. Haka na taso na gani. Sai dai mutum ya kai shekara hamsin, wani lokaci yana so ya ji ko sau ɗaya.

Sai Auta. Shi kansa ya ja, ya yi karatun jinya, ya samu hanya ya tafi Jamus. Aikinsa a can kula da tsofaffin Turawa a gidan da 'ya'yansu ke kai su su ajiye. Wato yana wanke uwayen wasu ana biyansa, ni ina nan da tamu kyauta. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana aikowa. Shi ya matsa aka buɗe wa Inna asusun banki da sunanta, duk wata kuɗi na shigowa, ni ne mai zuwa wajen mai POS in ciro in kawo mata. Ranar kuwa kowa a gidan sai ya sani. Ta kira sunansa cikakke, ta sa masa albarka da ƙarfi har tela ya ce amin daga shagonsa. Kuɗin kuma ba sa kwana. Gudummawar bikin jikar wance a ƙauye, jinyar wane, turmin atamfa ga maijego, sadakar Juma'a. Ba ta taɓa tambayar daga ina masarar tuwo ke zuwa ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Wata Lahadi da la'asar ina wanke motar kamfani a ƙofar gida Auta ya kira. Bayan gaisuwa ya ce akwai wata 'yar alfarma. Wai a ƙasar tasu, in mutum yana ɗaukar nauyin iyayensa da ke wata ƙasa, hukumar haraji tana rage masa abin da take cira, har ta mayar masa da wani abu a ƙarshen shekara. Na ajiye soson na ce ya maimaita. Gwamnati ta ji kana ciyar da uwarka ta ce ungo? Ya ce haka ne. Na ce to ni ma ya sa ni a ciki mana, tunda da Sallah yakan turo wa yara na ɗinki. Ya yi dariya ya ce su a wajensu wa ba nauyi ba ne, iyaye ne da 'ya'ya. Na ce madalla da mutanen da suka gano wa ba nauyi ba ne, don a nan wa jaki ne.

Abin da ake bukata, in ji shi, takarda ce da zai turo ta waya. A buga ta, a cike, Inna ta dangwala yatsa, hukumar garin da take zaune ta buga hatimi cewa lalle tana raye, ba ta da aiki, ba ta da dukiya. Shaidar banki yana da ita. Duk wannan na ce ba komai. Sai ya ɗan rage murya.

"Yaya, akwai wani wuri a shafi na biyu da suke tambaya ko akwai wani da ke taimakawa wajen ɗaukar nauyinta. Nan a rubuta babu."

Na ce babu kamar yaya. Ya ce in aka rubuta akwai wani, za su ce nauyin raba shi ake yi, su zaftare abin da za su rage masa. Takarda ce kawai, in ji shi, ba wanda ya san ni a can. Na ce to, irin to ɗin da babba ke ce wa ƙaninsa in ba ya son ya zubar da girmansa a waya. Muka yi sallama. Na ƙarasa wanke motar, har tayoyin da na riga na wanke na sake wanke su.

A ɗaki na sauke wa matata. Na ce ki ji yaron da na goya, yana so in je gaban hukuma in sa hannu cewa ni banza ne. Ta bar ni na gama, sannan ta ce Bature bai san ni ba, Allah kuma ya san ni, to asarar me na yi. Ta ce in Auta ya samu ragi ai Inna ce za ta ƙaru. Na ce mutanen ƙauye ne za su ƙaru. Ta ce to in ce masa ba zan yi ba. Wannan kuma ba zan iya ba, don gobe in magana ta fita za a ce wan ne ya toshe wa ƙanin arziki saboda hassada.

Sai na yi dabara, irin dabarar mai aji uku. Na ce ni ba zan rubuta babu ba, ba zan rubuta akwai ba. Zan bar wurin fari, in kai Inna ofishin, ma'aikaci ya tambaye ta da bakinsa, abin da ta faɗa shi ke nan. In ta ce akwai, Auta ba shi da bakin zargina. Haka na gaya wa matata. Abin da ban gaya mata ba shi ne, ba ragin Auta ne ya dame ni ba, ko su ba shi ko su hana shi. So nake in zauna a kujera in ji Inna ta ce wa wani mai biro, e, wannan yana ciyar da ni. Na san da kunyar ɗan fari, ba yau na zo duniya ba. Amma na lissafa cewa gaban hukuma kamar gaban alƙali ne, dole kunya ta jira a waje. A kan wannan lissafin na ɗora komai.

Har shiri na yi, don a san irin mutumin da ke ba da labarin nan. Ana saura kwanaki mu je na sayo shinkafa rabin buhu, maimakon in kai ɗakinmu na jingine ta a ƙofar Inna inda sai ta kauce mata kafin ta fita alwala. Na sayo maganinta tun na baya bai ƙare ba, na tsaya a tsakar gida ina gaya wa matata yadda ya yi tsada, da murya irin ta mai tallan maganin gargajiya a tasha. Inna tana zaune tana jan carbi, ko gezau.

Na nemi hutun yini a wajen aiki, manaja ya ba ni yana ɓata rai. Na buga takardar a wani shagon kwamfuta kusa da kasuwa, rabinta Turanci rabinta yaren Jamus, kalmomi dogaye kamar tirela. Mai unguwa ya ba mu 'yar wasiƙa cewa ya san tsohuwar kuma a unguwarsa take. Na sa shaddata ta Juma'a da hula mai kyau, na tari keke har ƙofar gida, na ɗora Inna, muka bi ta Magajiya muka nufi ofishin da ake buga irin wannan hatimi.

Mun tarar da mutane a benci, masu neman takardar shaidar asali, masu canjin suna, wata da aka rubuta mata shekarun haihuwa ba daidai ba. Da layi ya zo kanmu aka shigar da mu wajen wata Madam, babbar mace mai tabarau, daga jin Hausarta 'yar wajen Filato ce. Ta miƙe da kanta ta gyara wa Inna kujera, ta ce Mama sannu, ƙafa ce? Ni ta nuna mini wata kujerar roba a gefe. Ƙofar ofishin a buɗe take saboda zafi, na benci suna jin komai.

Ta karanta takardar a hankali, ta fara tambaya. Mijinki yana raye? Ya rasu. Kina sana'a? Da dai ina ƙuli-ƙuli, yanzu hannu ya ƙi. Kina da gona, kina da gidan haya, kina karɓar fansho? Inna ta amsa duka tsaf, har da 'yar dariya a wajen fanshon. Da aka zo kan mai aiko da kuɗi kuwa sai ta gyara zama. Ta faɗi sunan Auta, ta faɗi yadda aka haife shi da damina, yadda ya yi ƙyanda ya tashi, yadda ba ya cin abinci sai ya tambaya ko ta ci. Madam tana murmushi tana cewa Allah ya yi masa albarka. Na bar su. Na san nawa na zuwa, har na gyara hula.

Madam ta juya shafi na biyu, ta nuna ni da biro.

"Wannan da ya kawo ki fa, Mama? Ɗanki ne?"

Inna ta kalli taga. "Goggonsa ce ta raine shi."

"Amma ke kika haife shi?"

"Haka ake cewa."

Madam ta dube ni ta saman tabarau, ta koma kan Inna. Ta ce a gidan wa take zaune. Inna ta ce gidan haya ne, mai gidan yana Kaduna. Ta ce to wa ke ba ta abinci, wa ke saya mata magani, wannan yana yi? Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Muna dai zaune," ta ce.

"Mama, kar ki ji tsoronsa. Nan ofishin gwamnati ne. Yana ba ki ko ba ya ba ki?"

"Ni ban sa ido a kan abin da yake yi ba. Ki tambaye ni game da na Turai."

Madam ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Ni dai na san abin da ya faru, duk Bahaushen da ya haura arba'in ya sani, amma ita abin da ta gani daban ne. Ta ga tsohuwa mai ciwon ƙafa da ta kasa haɗa ido da ƙaton ɗanta mai shadda. A wajensu ɗan fari shi ake nunawa a taro a ce ga shi nan. Uwar da aka tambaya game da nata ta rufe fuska, to ba ƙaramin abu ya yi mata ba.

Ta wanke ni tas. Ta ce Oga, dubi kayan jikinka, dubi tumbinka. Ta ce ƙanina yana can cikin sanyi yana wahala don tsohuwar nan, ni ina nan ina jiran a aiko in karɓe. Ta tambaye ni wa ke riƙe da katin bankin, na ce ni, ta ce ai ta sani. Ta ce ita ta binne tata uwar, da za a dawo mata da ita na yini ɗaya da a bayanta za ta goya ta. Daga benci wata mata ta ce maza ke nan. Wani saurayi ya leƙo don ya ga fuskata.

Na buɗe baki. Komai yana nan a kan harshena, masara, magani, ɗakin da na ba ta, har shinkafar da ke jingine a ƙofarta. Sai na ji yadda zai fito. Namiji ya zauna gaban baƙi, uwarsa tana gefe, yana lissafa loma nawa ta ci a gidansa. Wannan gori ne, ba shi da wani suna. Wanda ya yi wa uwarsa gorin tuwo ya fi wanda bai ba ta ba lalacewa. Ashe ba Inna kaɗai ta shigo ofishin da kunyarta ba, ni ma tawa tana cikin aljihun shadda, duk lissafin da na yi ban sa ta a ciki ba. Na rufe bakina.

Madam ta ɗauki biro. "To Oga, me zan rubuta? Kana taimakawa ko ba ka taimakawa?"

Na kalli Inna. Tana kallon ƙasa, tana murza bakin mayafi.

Na ce, "Rubuta yadda kika ji."

Ta rubuta babu, da manyan baƙaƙe. Ta kama yatsan Inna a hankali ta dangwala, ta buga hatimi, ta sa hannu. Ta buɗe jakarta ta ciro lemon kwalba ta ba Inna, ta ce in na takura mata ta zo nan kai tsaye ta same ta. Ni kuma ta ce za ta sa ni a addu'a, don ta ga waɗanda suka fi ni suka shiryu. Na ce na gode. Na bi ta gaban benci riƙe da hannun Inna, ana ce mata sannu Mama, ni ana kallona kamar wanda aka kama da akuyar maƙwabci.

Muka hau keke. Inna ta shanye lemonta.

Takardar ban aika ba. Asalinta suke so, ba hoto ba, saboda haka muddin tana hannuna magana ba ta ƙare ba. Na jefa ta cikin aljihun motar kamfani tare da takardun mota. Kullum in na tsaya a cunkoson hanyar Abuja sai in ciro ta in kalli babun nan in mayar. Wani lokaci in ce yaga ta zan yi in ce wa Auta ta ɓace. Shi kuma yana ta kira, wai lokacin miƙa takardun harajinsu yana matsowa, ni ina cewa aiki ya yi yawa. A gida na daina cin tuwon dare, sai in tsaya wajen mai shayi a bakin titi in cika cikina da burodi, in shigo fuska a ɗaure. Wato na yi yaji a gidan da nake biyan haya, kuma ba wanda ya zo biko.

Matata ce ta gaji. Wata Asabar bayan la'asar ina tsugune a tsakar gida ina gyaran fitilar caji, Inna tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta, matata tana tsince shinkafa a tsakaninmu. Yadda muke magana ke nan a gidan, ta hannun mutum na uku. Matata ta ce, Inna, wai ɗanku fushi yake, ya ce kun ƙi shi a gaban hukuma. Na ce ni ban aike ki ba. Ba wadda ta kula ni.

Inna ta gyara zama. Sannan ta yi magana, idonta a kan farantin shinkafar.

"Ki ce wa wancan ya daina kumbure-kumbure. So yake in zauna gaban baƙi in lissafa abin da yake yi, bakin mutane ya kama shi? Na Turai ya yi nisa, baki ba ya kaiwa can. Wannan kullum yana kan titi da mota. In ya kwanta, wa ke gare ni?"

Ta ɗan tsaya, ta ƙara da cewa a gaya masa kuma sakatar banɗaki ta cire tun shekaranjiya.

Na ci gaba da kwance fitilar da ban ma san me ya same ta ba. Na juya maganar ta kowane gefe. Ta wani gefen, ita ce magana mafi daɗi da Inna ta taɓa faɗa a kaina. Ta wani gefen, tsohuwa ce mai jaki ɗaya take tsoron kar ya karye. Na ga duka biyun gaskiya ne, kuma a shekaruna ba a zaɓe. Na tashi na ɗauko guduma na gyara sakatar. Da daddare na ci tuwo har na nemi ƙari.

Ranar Litinin na kai takardar wajen masu aika saƙo ƙasashen waje a Abuja, na biya da kuɗin aljihuna. Bayan wasu watanni Auta ya kira yana murna, an karɓa, an rage masa. Ya yi godiya sosai, ya ce Yaya ba ka san taimakon da ka yi mini ba. Sannan ya ce af, ya manta bai gaya mini ba, abin duk shekara ake sabuntawa.

Bana ma mun je. Ban sa shadda ba, tsohuwar rigar aiki na sa. Madam tana nan a teburinta, ta gane mu tun daga ƙofa. Ta rungume Inna, ni ta amsa gaisuwata a taƙaice. Da aka zo shafi na biyu ta tambayi Inna ko an fara ganin canji a wajen wannan. Inna ta kalli taga ta ce, "Da sauƙi."

Madam ta yi murna ƙwarai. Ta ce addu'a ba ta faɗuwa, ta ɗaga biro ta ce to bana sai a rubuta yana taimakawa ke nan. Na ga ragin Auta zai tafi a banza. Na matso da kujerata kusa da tebur.

Na ce, "A'a Madam, kar ki rubuta. Ina nan yadda kika san ni."